Ranar da Muka Juya Dish Alƙibla

Har yau in na ji ƙamshin turaren wuta ya haɗu da hayaƙin gawayi, tsakar gidanmu ta Fagge nake tunawa, da Kaka Fanna zaune a kan kujera 'yar tsugunno, kaskonta a gabanta. Mahaifiyar Babanmu ce. 'Yar Barno ce da ta tsufa a Kano, amma Hausarta ba ta taɓa rabuwa da ɗan karin harshen can ba. Sana'arta haɗa turare, kuma da an idar da sallar magariba takan hura garwashi ta gwada wanda ta haɗa a ranar. Ni da ƙannena biyu mukan kewaye kaskon ko da zafi ake, don mun san da turaren ya kama tatsuniya za ta biyo baya.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kakannin wasu suke yi. Sai ta dubi ƙofar soro ta ce, "Ga wata baƙuwa can tana sallama." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata." Ni ce babba, shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Sunana Yagana, amma ƙawata take ce mini, kuma duk wata ɓarna da za ta yi a gidan, kamar shan shayi mai sukari bayan likita ya hana ta, da ni take haɗa baki.

Shekarar da nake magana ita ce ta farko bayan soja sun koma bariki. Hotunan 'yan takara ba su gama ɓanɓarewa daga bangon unguwa ba, kowa ya zama masanin siyasa, kasuwa kuma ta ɗan motsa. A wannan shekarar ne Baba, wanda yake sayar da atamfa a kasuwar Kwari, ya samu kujerar Makka. Ya so ya bar wa Kaka, amma gwiwoyinta da hawan jini suka ƙi. Duk gidan mun san abin da Makka take nufi a wurinta. Tana 'yar shekara bakwai mahaifinta ya tafi can a ƙasa tare da ayari, ya ce mata zai dawo, bai dawo ba, ba a kuma taɓa jin labarinsa ba. Ba ta cika maganar ba, amma in wani ya kira ta Hajiya takan ce, "Ban je ba, kada ka ɗora mini."

Sai Baba ya yi dabara. Ya ce tunda ba za ta je ba, zai kawo mata Makka har ɗaki. Zai sa a kafa dish, ranar Arfa ta zauna ta ga filin kai tsaye, shi kuma zai ɗaga mata hannu daga cikin jama'a. Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta tambaye shi sau biyu ko da gaske abin da ake yi a can a lokacin shi za ta gani.

Wanda ya zo kafawa wani Inyamuri ne daga Sabon Gari, sunansa Obinna, magidanci mai 'ya'ya uku, haifaffen Kano, Hausarsa ta fi ta Kaka fita. Da ya faɗi sunansa Kaka ta karkata kunne.

"Ubana?"

"Obinna, Mama."

"Yaro kamarka a ce maka ubana? To Allah ya kyauta."

Dish ɗin wancan zamani ba irin 'yan ƙananan yanzu ba ne. Faɗinsa ya kai tabarma biyu, ba ya hawa rufi. A tsakar gida Obinna ya haƙa rami kusa da rijiya, ya kafa turken ƙarfe, ya zuba siminti, ya dawo bayan kwana biyu ya ɗora faifan. A tsakiyarsa, a kan ƙafafu uku, akwai wani ɗan kai da yake kira idon dish, daga nan waya ta bi bango ta shiga ta taga zuwa risiba, ɗan akwatin da ke haɗe da talabijin. Ya yi ta juya faifan a hankali yana leƙen talabijin, har hoton masallacin Makka ya fito. Ya fito kam, amma da ɗan tsaki-tsakin fari da muke kira yayyafi. Obinna ya ce idon ne tsoho, zai samo sabo kafin Arfa ya wanke hoton tas. Ya ɗaure noti biyu a wuyan turken ya fara haɗa kayansa.

Kaka ta fito da sandarta ta zagaya dish ɗin. Ta dubi inda yake kallo, ta dubi inda take shimfiɗa sallayarta.

"Kai yaro, wannan abu ai kudu ya karkata. Ga alƙibla nan ta wajen soro."

"Mama, hoton ba daga Makka yake tahowa kai tsaye ba," in ji shi. "Sama suke harba shi. Akwai wani abu rataye can sama, shi yake karɓa ya sako mana. Shi dish yake kallo, ba Makka ba."

"Rataye da wace igiya?"

"Ba igiya, Mama."

Kaka ta ce, "Uhm." Duk wanda ya san ta ya san wannan uhm ɗin ba yarda ba ce.

Baba ya tashi zuwa Makka. Kwanaki suka tafi, Obinna bai dawo da sabon ido ba, don rabin Fagge na son dish kafin Sallah. Kullum Kaka tana gaban talabijin tana matse ido, tana tsaki. Idonta dama ya yi rauni, yayyafin nan kuma yana cinye mata fuskokin mutane. Saura kwana uku Arfa, Umma ta tafi barka Rijiyar Lemo da ƙannena. Ko kwanar gidan ba su sha ba Kaka ta kira ni.

"Ƙawata, kin ga inda ya ɗaure ƙarafan nan?"

Na gani.

"Ɗauko abin kwance babur ɗin babanki. Ina aka taɓa neman Makka ta kudu? Shi ba ya salla, ba laifinsa ba ne, bai san gabas ba. Mu gyara masa."

Gaskiya ni ma maganar ta shige ni. Na ɗauko sufana a ƙarƙashin gadon Baba, na hau kan turmi, na yi ta kokawa da notin har suka saki. Kaka ta sa kan sandarta a gefen faifan, ni na sa kafaɗa, muka tura. Ya juya da wani ƙugi kamar tsohuwar ƙofa. Ta koma baya ta auna shi da sallayarta, ta ce a ƙara kaɗan, muka ƙara. Da ya daidaita da alƙibla cif, ta yi hamdala, na ɗaure notin iya ƙarfina, muka shiga ɗaki da murna.

Babu komai a talabijin sai yayyafi zalla da shuuu. Muka koma muka tura hagu, muka tura dama, har la'asar. Ko inuwar mutum ba mu sake gani ba. Ashe wurin da hoton yake bai fi faɗin yatsa ba a duk faɗin saman nan, mu kuwa muna nemansa da kafaɗa da sanda. Kaka ta zauna a bakin rijiya tana haki, ta ce in mayar da sufana inda na ɗauko.

Da Umma ta dawo ta ga talabijin, ranta ya ɓaci sosai. Ba ta dubi tsakar gida ba, don ko a mafarki ba za ta zaci surukarta da wannan aiki ba. Ta ce dama ta sani, mutumin nan ya ga maigida ba ya nan ya bar musu jabun kaya. A lokacin ba wayar hannu, sai ta aiki wani maƙwabcinmu da yake da shago a Sabon Gari da saƙo mai zafi: Obinna ya zo ya kwashe tarkacensa, kuma za ta faɗa wa duk matan layin kada su kira shi. Maƙwabcin ya isar da saƙon yadda aka ba shi, a gaban mutane. Washegari Obinna bai zo ba. Ni da Kaka muka wuni ba mu haɗa ido ba. Na ji tsoro ƙwarai, amma abin da ya fi damuna shi ne ganin Kaka ta zauna gaban talabijin ɗin da ba komai a cikinsa, tana jan carbi. Saura kwana biyu, kuma da hannunmu muka ɓata abin.

Da magariba ta hura garwashi kamar kullum. Umma tana bakin kicin tana kwashe tuwo. Kaka ta barbaɗa turare, sannan ta dubi ƙofar soro.

"Ga wata baƙuwa can tana sallama."

"Ta shigo, mun shimfiɗa mata."

Ta ce a wani gari na bakin tafki an yi wata yarinya da mahaifinta zai ƙetare ruwa zuwa gabas. Da zai shiga kwalekwale ya ce mata kullum da yamma zai tsaya a wancan gaɓar ya kira sunanta, ta saurara. Yarinya ta riƙa zuwa bakin ruwa tana fuskantar gabas. Ba ta jin komai sai kwaɗi. Ana nan sai wani baƙo mai ɗinkin komar kamun kifi ya sauka a garin, ba yarensu ɗaya ba, ba abincinsu ɗaya ba. Ya ga yarinya, ya ji labarinta, ya ce mata ruwa haɗiye murya yake yi, amma ga wani dutse can kudu da gari, shi yake cafke duk kiran da ya ƙetaro ya mayar. Ya shimfiɗa mata tabarma a gindin dutsen ya ce ta zauna nan. Ta zauna, ta kuwa ji wani abu kamar sunanta, sama-sama.

"Sai ta gode masa?" in ji ƙanina.

"Ina fa. Yarinyar nan kanta kamar tabarya. Ta ce ubana gabas ya tafi, yaya za a ce in neme shi a kudu? Da baƙo ya juya baya sai ta kira wata ƙawarta, 'yar ƙarama marar wayo, suka naɗe tabarmar suka mayar bakin ruwa."

Na sunkuyar da kai ina wasa da yatsun ƙafata. Kaka ta ci gaba, ta ce daga ranar ko sama-saman ba ta ƙara ji ba. Ta koma ta nemi gurbin tabarmar a gindin dutse, ta rasa. Mutanen gari kuma suka taru suka ce baƙon nan maƙaryaci ne, suka yi masa tas a tsakiyar kasuwa, yarinya tana ji ta yi gum.

A nan ta tsaya, ta shiga jujjuya garwashi da tsinke. Ƙannena suka matsa mata ta ƙarasa. Ta ce ba ta da sauran a hannu. Ludayin Umma ya daina motsi tun ɗazu. Can muka ji muryarta daga bakin kicin, a hankali.

"Iya, ita wannan ƙawar tata, da sufana ta naɗe tabarmar?"

Kaka ba ta ɗago ba. "Da alama," in ji ta.

Umma ta fito da fitila ta haska wuyan turken, ta ga inda na gurje fentin. Ta dube ni, ta dubi Kaka, ta rasa wanda za ta yi wa faɗa. Sai ta zauna a kan turmin ta rufe fuska da gefen mayafi. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, da kunyar saƙon da ta aika. Ta ce da safe za ta je ta ba shi haƙuri. Kaka ta ce a'a, wadda ta naɗe tabarma ita za ta je.

Kaka ta fi shekara ba ta wuce bakin layinmu ba. Da hantsi ta sa mayafinta na unguwa, ta zuba turare mafi kyau a kwalba, muka shiga tasi ni da ita. A Sabon Gari muka bi layin masu kayan wuta, tana dogara sanda ana buɗa mata hanya, har shagon Obinna, wani ɗan lungu cike da wayoyi da bayan talabijin. Da ya gan mu ya miƙe, ya ba ta kujerarsa, amma fuskarsa ba walwala.

Kaka ba ta yi kwana-kwana ba. Da ƙarfi ta yi magana, yadda maƙwabtan shagonsa za su ji. Ta ce aikinsa lafiya lau yake, ita ce ta juya abin, kuma an ci mutuncinsa a kan laifinta, ya yafe.

Obinna ya ce, "Ina kika juya shi, Mama?"

"Alƙibla."

Ya juya baya kamar yana neman wani abu a kantar shagon, yana danne dariya. Da ya juyo idonsa har da hawaye. "Mama, ke ce ta uku a satin nan. Na biyun ma liman ne." Ya ce saƙon ya yi masa ciwo, don a garin nan aka haife shi kuma sunansa ne jarinsa, amma tunda uwa ta tako da ƙafarta magana ta mutu. Ta miƙa masa kwalbar ta ce ta matarsa ce. Ya ce da la'asar zai zo, ga sabon idon ma yana aljihun jakarsa tun shekaranjiya.

Ya zo. Ya sauya idon, ya sassauta notin, sannan ya ce yau ba shi zai leƙa talabijin ba, mai abin ita za ta duba. Kaka ta zauna a gaban talabijin har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ni na tsaya a taga ina miƙa magana. Ya fara da tsayin faifan, ya ɗaga ya sauke, sannan ya shiga juya shi gefe. Ba turawa yake ba, da tafin hannu yake ɗan bubbuga bakin faifan, ya tsaya ya jira, ya sake bubbugawa. Na ji kunyar yadda muka yi masa da kafaɗa.

"Babu," in ji Kaka. Na faɗa masa. "Babu. Babu. Tsaya, wani abu ya gifta."

"Ta ce wani abu ya gifta."

Ya koma baya kamar faɗin farce.

"Ya zo. Ya tafi. Ce masa ya koma kaɗan. Kaɗan na ce, ƙawata, ba irin namu ba."

Haka suka yi ta yi, tsohuwa a ɗaki, shi a rana, ni a tsakani, har yayyafin ya fara raguwa, ya koma ɗigo-ɗigo, ya ɗauke. Kaka ta daina magana. Na leƙa na ga masallacin fes, har ana ganin tantabaru suna sauka a farfajiyarsa. Na ce masa ya tsaya a nan. Ya ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya, kaɗan wannan kaɗan wancan don kada faifan ya goce, sannan ya ɗauko jan fenti ya ja layi daga wuyan faifan zuwa turken. Ya nuna mini ya ce ko iska ta juya shi, ko wata tsohuwa, a haɗa layin nan biyu kawai.

Da zai tafi Kaka ta fito har soro, abin da ba ta yi wa kowa. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Ubana." Wannan karon bai gyara mata ba.

Ranar Arfa ɗakin ya cika da matan layinmu, kowa da azuminsa, har da waɗanda Umma ta rantse za ta hana su kiran Obinna. Allah ya taimake mu wuta ba ta ɗauke ba. Fili ne fari fat da mutane iya ganin ido. Ƙannena suna ta nuna duk mai gemu suna cewa Baba ne. Kaka ba ta tashi ba sai don salla, har rana ta faɗi a can alhali mu nan da sauran haske. Da mutane suka watse na matsa kusa da ita na tambaye ta ko ta ga Baba ya ɗaga hannu.

"Babanki ai zai dawo, ban neme shi ba," in ji ta. "Nawa na duba."

"Kin gan shi?"

"Na ga inda ya nufa. Wuri ne mai kyau, ƙawata. Ko ni ce ba zan yi saurin dawowa ba."

Da magariba bayan mun sha ruwa ta hura kaskonta, ƙannena suka tuna mata bashin tatsuniya. Ta ce yarinya ta je ta ba baƙo haƙuri, ya mayar mata da tabarma gindin dutse, ta zauna, ta ji sunanta sarai. Shi ke nan. Baƙuwa ta kaɗe zaninta ta tafi, wanda ya riƙe wani abu nasa ne.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin dabarar tsohuwa ta amsa laifi ba tare da ta ce na yi ba, kuma haka ɗin ne. Sai da na haifi tawa 'yar, ta girma, ta tafi makaranta nesa, na ga sauran. 'Yar tawa ta daina faɗa mini komai. In na kira ta, lafiya lau, lafiya lau. Amma ƙanwar mijina ta san duk abin da ke damunta, ita take kira su yi awa guda. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce ni na haife ta, ni ya kamata ta fuskanta, na shiga matsa mata da tambaya da ƙorafi, har lafiya lau ɗin ma ta fara gajarta. Wata rana na je gidanmu na Fagge. Kaka ta daɗe da rasuwa, faifan an sauke shi ana shanya kuɓewa a ciki, amma turken yana nan kusa da rijiya da ɗan jan layinsa da ya koɗe. Na tsaya a gabansa na jima.

Daga nan ban koma gida ba, gidan ƙanwar mijina na wuce. Na zauna a tabarmarta na ce ban zo ƙwace komai ba, ta dai faɗa mini yadda 'yata take. Ta faɗa mini, na saurara, ban kira yarinyar na yi faɗa ba. Haka na riƙa yi wata da watanni, ina jin ta sama-sama ta bakin wata. Ran nan da la'asar ina tsintar shinkafa wayata ta yi ƙara, na ɗauka, na ji ta ce, "Umma, kina da lokaci? Akwai maganar da nake son mu yi." Na ture farantin gefe na ce ina da shi.